Madarar Ƙaura

Asta ba ta ɗago kai ba da ta ji mutum ya tsaya a kanta. Ta san ko wane ne. A kasuwar Goronyo kaf babu mai warin fetur da baƙin mai sai Lawwali direba.

Ya yi sallama, ta amsa tana gyara faifan da ta rufe ƙwaryar nono. Ya tambayi ciniki, ya tambayi Baba da Inna, ya tambayi shanu. Duk ta amsa a taƙaice, kamar mai amsa wa baƙo.

Ya durƙusa gefenta, ya rage murya.

"Asta, mi nai miki?"

"Ran Alhamis da la'asar ina kake?"

"Rabah."

"Da sahe hwa?"

"Ƙaura. Ai na hwaɗa miki. Har rugar baffanki Sajo nib biya, Goggo Hawwa tac ce in gaishe ki."

Sai a lokacin ta dube shi. Idanunta sun cika, amma ba ta bari sun zubo ba.

Ta gaya masa abin da ke yawo a rugarsu kwana uku ke nan. Hamidu, ɗan kawunta, ya kai bijimi Rabah ranar Alhamis. Da la'asar ya ga motar Lawwali ta tsaya bakin kasuwa. Ya ga Lawwali ya buɗe ƙofar gaba, ya riƙa wa wata mace hannu ta sauko, ya ɗauki ƙunshinta ya bi ta cikin lungu. Washegari kuma sai ga shi a gabanta yana cewa jiya da safe yana Ƙauran Namoda.

"Ƙaura kwana goma sha biyu ta, Lawwali. Na bi hanyar nan da ƙahwata tun ina yarinya. Ba a kwana Ƙaura a yi la'asar Rabah."

Ya fara bayani. Ta ɗaga masa hannu.

Asta ba yarinya ba ce. Ta yi aure shekara huɗu, kuma duk Kagara, ƙauyen da rugarsu take, an san yadda auren ya mutu. Mijin ya ce mata ya tafi fatauci Ilori. Wata bakwai tana jira, tana yi masa addu'ar sauka lafiya, ashe yana nan Rabah a ɗakin wata. Mai tallan goro ce ta faɗa mata, ba da nufin komai ba. Tun daga nan shekara biyu ta yi tana korar masu zuwa, har da Hamidu, wanda bai taɓa fasawa ba. Lawwali ne kaɗai ta sakar wa fuska.

"Rabah kuma," ta ce. "Duk garuruwan duniya, Rabah kuma. In ƙarya za ka yi man, ka canza gari mana."

Hawayen suka zubo. Ta ja gefen mayafi ta share da sauri, don wata mata ta tsaya da ƙwarya tana son nono. Lawwali ya jira har aka gama. Da matar ta wuce ya ce zai zo ya ga Baba da yamma.

"Ka taho," ta ce. "Amma ka san ba su taɓa son maganarka ba."

Gaskiya ta faɗa. Tun ranar da Lawwali ya fara zuwa, Buba mahaifinta bai yi na'am da shi ba. Bahaushen Wurno ne, ba shi da ko ɗan maraƙi. Ya yi soja, ya je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, can ya koyi tuƙi. Motar ma ba tasa ba ce, ta wani attajiri ce da ke kai gyaɗa tashar jirgi a Ƙaura. Sabuwa, mahaifiyar Asta, kullum cewa take mutumin da ba a san inda zai kwana ba, ba a ba shi ɗiya. Ita zuciyarta na wajen Hamidu, ɗan wanta, mai shanu arba'in, wanda in ya tafi kiwo ana hango shi daga bakin ruga.

Da yamma aka shimfiɗa tabarma gindin marke. Buba ya zauna, Hamidu na damansa. Lawwali ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna a ƙasa. Asta da uwarta suna bayan zana, suna jin komai.

Buba mutum ne da ba ya gaggawar magana. Ya bar Lawwali ya faɗi hanyar tasa tun daga farko.

Lawwali ya ce yakan yi asuba a Ƙaura. Hantsi na yi masa a Gusau. Azahar a Mafara, inda yake zuba wa mota ruwa ya ci abin da ya samu a tsaye. Daga nan ya saki babbar hanya ya yanko ta Rabah da la'asar, ya wuce Wurno, in babu matsala rana ba ta faɗuwa sai yana Goronyo. Ya ce hanyar Gusau ba kamar ta nan ba ce. Leburorin hukumar En'e sun zuba mata marmara sun daɓe, mota na gudu a kanta har mutum bai iya ƙirga itatuwa.

Hamidu ya yi dariya ta hanci.

Ya ce su ma suna da idanu. Sun sha ganin motar nan tsakanin Goronyo da Wurno ta kafe cikin rairayi, tana kuka, ana tura ta. Ya ce ranar nan ma da jaki ya wuce ta.

Buba bai yi dariya ba. Ya ɗauki tsinke, ya shiga zana layuka a ƙasa, yana kiran sunan kowane zango da suke sauka in za su Ƙaura da shanu. Rijiyar da ake shayarwa, fadamar da ake kwana, garin da ake kaucewa saboda gonaki. Da ya gama ya ƙirga su da yatsa. Goma sha biyu.

"Ɗana, ko mai doki ban taɓa jin ya yi ta ƙasa da kwana huɗu ba. Kai kac ce wuni guda."

"Wuni guda, Baba."

"To ɗayan biyu na. Ko Hamidu bai gan ka ba, ko kai ba ka ga Sajo ba."

"Ya gane ni, Baba. Ni kuma na ga Baffa Sajo."

Buba ya goge layukan da tafin hannu. Ya ce shi bai ce kowa ya yi ƙarya ba. Amma ɗiyarsa an taɓa cutar ta da tafiya, ba zai sake miƙa ta ga wanda ba a iya bin sawunsa ba. Ya ce Lawwali ya yi haƙuri ya daina zuwa.

Sai aka ji muryar Asta daga bayan zana. Da Fillanci ta fara, tana neman izinin ubanta. Uwarta ta daka mata harara, ta yi kamar ba ta gani ba. Da Buba ya yi gyaran murya, ta koma Hausa don Lawwali ya ji.

Ta ce akwai abin da ba ya ɓoye kwanansa. Madara. In an tatse ta da safe, kowace mace a rugar nan ta san ɗanɗanonta da yamma, ta kuma san ɗanɗanonta in ta kwana. Ta ce Goggo Hawwa ta tafi Ƙaura da wani gora mai tsagaggen wuya, wanda ita Asta ta ɗinke da hannunta. Lawwali ya je ya ce a cika masa shi da tatsar safe. In ya iso da shi nan kafin rana ta faɗi, madarar ba ta kwana ba, to ta yarda da shi.

"In ta kwana hwa?" Buba ya tambaya.

Asta ta matso jikin zanar.

"In ta kwana, Baba, ka ba Hamidu amsar da yaka jira."

Hamidu ya gyara zama. Lawwali ya dubi zanar kamar zai huda ta da ido, sannan ya ce Talata zai tafi da gyaɗa, Laraba a sauke, Alhamis ya juyo.

Ya sa takalminsa ya tafi. Asta ba ta raka shi ba.

Kwanakin nan Asta ba ta ci abin kirki ba. In ta zauna kaɗa nono sai hannunta ya tsaya, tana tunanin macen Rabah. Hamidu ya ce fara ce, mai jiki. Ya ce Lawwali ya daɗe cikin lungun. Da ta tambaye shi kamar yaya daɗewar, sai ya ce shi bai tsaya ƙirgawa ba.

Shi ma Hamidun ba ta gama yarda da shi ba. Me ya tsayar da shi bakin mota alhali bijimi ya kai? Amma Lawwali bai musa ba. Wannan shi ya fi ci mata rai. Da ya musa, da ta san da wa take faɗa.

Ranar Laraba uwarta ta same ta a bakin rijiya.

"Ke kin ɗauka ba shi da wayo? Goran nan zai amso, ya taho da shi Wurno, ya sami 'yar Hillani ta cika mashi. Sojan da ya ga duniya."

"In ya yi haka zan sani, Inna."

"Haka kika ce wancan karon."

Asta ta saki guga ya faɗa rijiya. Ta zauna a bakin dutsen ta rufe fuska, tana kuka mara sauti. Sabuwa ta tsaya kanta, ta rasa abin yi, can ta dafa ta. Ta ce ba ƙin ta take ba. Ita dai ba ta son ta sake ganin ta tana zaune bakin hanya tana duban kudu. Ta ce Hamidu ko ba komai an san inda yake.

"An san inda yake," Asta ta ce cikin kuka. "Ni dai ban san inda zan sa shi ga zuciyata ba."

Alhamis ta zo da sanyi. Tun da aka yi tatsar safe Asta ta ɗebi madara kaɗan a ƙaramar ƙwarya ta rufe ta ajiye a inuwa, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Hamidu ya dawo da shanu da wuri, abin da bai saba ba, ya zauna gindin marke da sabuwar riga. Buba na gefensa yana murza igiya. Babu mai maganar abin da kowa ke jira.

Rana ta yi ja, ta sauko kan itatuwan fadama. Hamidu ya ce da alama mota ta sami rairayinta. Sabuwa ta dubi ɗiyarta, ta kau da kai.

Asta ce ta fara ji. Wani gurnani can nesa, ta wajen hanyar Wurno, yana ɗaukewa yana dawowa. Shanu suka ɗaga kunne. Gurnanin ya matso, ya tsaya a bakin burtali inda mota ba ta iya wucewa.

Sai ga Lawwali yana tahowa da sassarfa, rungume da wani abu cikin jiƙaƙƙen buhu. Rigarsa ta yi baƙi da mai. Hannunsa na dama a ɗaure da tsumma. Ya durƙusa gaban Buba yana haki, ya ajiye buhun, ya ce taya ta fashe masa bayan Mafara, ƙarfen ɗaga mota ya kuɓuce ya daki hannunsa. Ya ce bai tsaya ko'ina ba bayan nan sai salla.

Rabin rana na nan sama da itatuwa.

Buba ya kira matan. Sabuwa ta warware buhun. Goran ne. Ga ɗinkin a wuyansa, ga bakin a toshe da tsumma an naɗe da zare ja, irin naɗin Hawwa. Asta ta shafa ɗinkin da yatsa, ta gyaɗa kai.

Sabuwa ta kwance zaren, ta tsiyaya a ƙwarya.

Kowa ya sunkuya.

A saman madarar ga wasu ƙananan gudaji rawaya-rawaya suna yawo, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun haɗu sun kai wake. Man shanu.

Sabuwa ta ja da baya. Hamidu ya miƙe tsaye.

"Mai," ya ce. "Baffa, ka gani da idonka. Madarar sahe da mai."

Ba ya bukatar ƙarin bayani, don duk wanda ya tashi a ruga ya san tsarin. Ana tatsa, a rufe, ta kwana ta yi tsami, da safe a zuba a gora a kaɗa, sannan mai ya fito. Inda duk aka ga mai, an ga kwana. Sabuwa ta ce abin da ta faɗa a bakin rijiya ke nan. Kaɗaɗɗen nono ya saya a hanya, ko tsame man ba a gama yi ba, ya ɗura a goran Hawwa.

Lawwali ya dubi ƙwaryar, ya dubi fuskokinsu. Bai san komai game da nono ba, sai dai sha. Ya rantse a gabansa aka tatse ta, Goggo Hawwa ta ɗaure bakin da hannunta, shi kuma bai buɗe ba. Ya ce bai san ta inda man ya shiga ba.

"Bai sani ba," Hamidu ya ce. "Aljanun hanya sunka zuba."

Buba ya sauke numfashi. Ya ɗauki igiyarsa. Ya buɗe baki zai yi magana.

"Baba, ba a ɗanɗana ba."

Asta ce. Ta durƙusa, ta ɗauki ludayi. Ta hure gudajin gefe, ta ɗebo, ta kai baki. Ta riƙe a bakinta ba ta haɗiye ba, idanunta a rufe.

Ta tashi ta shiga bukka, ta fito da ƙaramar ƙwaryar da ta ajiye tun safe. Ta kurɓi wannan, ta sake kurɓar waccan. Sannan ta miƙa wa uwarta ludayin.

"Inna, ke kin hi ni sani."

Sabuwa ta karɓa da niyyar ta gama zancen. Ta kurɓa. Fuskarta ta canza. Ta sake kurɓa, ta taɓa ta ƙaramar ƙwaryar, ta dawo.

"Ba ta kwana ba," ta ce a hankali, kamar maganar na yi mata nauyi. "Ta yau ta. Da ita da wagga tamu, tare sunka wuni."

Hamidu ya ce to man fa?

Asta ta juya ga Lawwali, karon farko tun ranar kasuwa. Ta tambaye shi inda ya ajiye goran a mota. Ya ce a kujerar gaba, kusa da shi, ya ɗaure da bargo don kada ya faɗi. Ta tambaye shi ko hanyar na jijjiga. Ya ce daga Gusau zuwa Mafara marmarar ta yi tudu-tudu kamar kunyar gona, har haƙoran mutum na haɗuwa. Daga Rabah kuma ramuka.

"Tun sahe har yanzu?"

"Tun sahe har yanzu."

Ta dubi uwarta. Sabuwa ta riga ta gane. Ta ce babu macen da ke kaɗa ɗanyar madara, don hannu zai mutu kafin mai ya fito. Ko daga Wurno ya cika goran, ɗan girgizan nan ba zai fid da ko ƙwaya ba. Abin da ya kaɗa wannan ya wuni yana kaɗawa.

Buba ya karɓi ludayin. Ya sha. Ya ɗauki gudan mai ɗaya ya murza tsakanin yatsunsa, yana duban inda ya zana layukan nan ranar da aka yi zaman farko.

"Kwana goma sha biyu," ya ce, ba da kowa ba.

Ya tambayi Lawwali yadda ya baro Sajo. Lawwali ya ce lafiya lau, sai ƙafar hagu da ke damunsa, kuma jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu shekaranjiya, mace. Buba ya yi murmushin da bai shirya ba. Saniyarsa ce.

Hamidu ya ce bari ya je ya ɗaure maruƙa. Babu wanda ya tsayar da shi.

"Ka ce ma manyanka su taho bayan Juma'a," in ji Buba. Ya miƙe don yin alwala, ya ɗan tsaya. "Kuma in akwai wuri ga motar nan wata rana, ina son ganin ƙahwar Sajo."

Bayan an idar da salla Asta ta raka Lawwali bakin burtali, da ɗan sauran haske. Ta warware tsumman hannunsa, ta shafa masa man da ta tsamo daga ƙwaryar, ta sake ɗaurewa. Ba ta dube shi ba tana yi.

"Saura macen."

Ya ce Tani sunanta, matar wani leburan jirgi ce a Ƙaura. Mijin ya roƙe shi ya kai ta gidan iyayenta haihuwa, cikin ya tsufa, ba ta iya hawa bisa buhuna. Ya ce yau da ya ratsa Rabah ƙaninta ya yi ta ɗaga masa hannu yana faɗin ta haihu, amma bai tsaya ba.

"Gidan wa?"

"Gidan Mode maƙeri, bayan kasuwa."

"Zan aika a tambaya."

"Ki aika."

Ta leƙa cikin motar. Bargon na nan ɗaure a kujerar gaba, da shatin goran a tsakiyarsa. Ta sa hannu ta taɓa wurin, har yanzu da danshi.

"Wagga kujera," ta ce, "daga yau ko ni, ko madara."

"In mai tsohon ciki ta hwa?"

Asta ta gyara mayafinta, ta juya za ta koma.

"Sai in sauka in ba ta da kaina. Bayan na ga cikin."